Kafin A Share Rumbu

Ɗana, ka ce littafin da kuke koyon Python da shi a jami'ar Wudil ya nuna muku yadda ake karɓar bayanan fom da cgi, amma da ka gwada, kwamfutarka ta ce ba ta san shi ba. Kwantar da hankalinka, littafin ne ya tsufa.

Duk wanda ya sauke Python yana samunta da tarin kayan aikinta. A 2019 Christian Heimes ya kawo shawarar da ake kira PEP 594, cewa a kwashe waɗanda suka daɗe ba mai kula da su. Aka amince a 2022, Python 3.11 ta fara gargaɗi, sai ga 3.13 a watan Oktoban 2024 babu guda 19, har da cgi, telnetlib, crypt da imghdr. Shekara biyu cur aka ba jama'a su kintsa.

Kada ka ga laifinsu. Da yawa daga cikin masu riƙe da harshen nan 'yan sa-kai ne, kuma tsohon kayan da ba a dubawa shi ɓarayin intanet ke nema. Ko mu a nan Kademi, wa yake zuba sabon gero a kan wanda ƙwari suka ci? Sai an share rumbu tukuna.

Gargaɗin nan nake so ka girmama. Python tana ɓoye mafi yawan DeprecationWarning sai ka nema, don haka ka riƙa kunna aikinka da -W default, ka karanta abin da ya fito a tsanake. Dalilina kuwa, gobe za ka iya yi wa wata makaranta ko wani kantin magani a Gaya manhaja. Mai kantin bai san 3.12 ba, bai san 3.13 ba, amana kawai ya ba ka. Ranar da wani ya sabunta masa kwamfuta, lissafinsa ya tsaya cik ga masu saye a tsaye, kai za a nema, kuma da gaskiyarsa.

Saboda haka ka sauya tun da sauran lokaci. Yawancin abin da cgi ke yi wajen warware fom, urllib.parse na yinsa. Idan karatu ya sha maka kai, zauna a kan 3.12, ana toshe mata kafofin tsaro har Oktoban 2028. Amma ka rubuta lambar 3.12 ɗin da wannan wa'adi a takarda ka ba mai kantin, domin wanda zai gaji aikin bayanka.