Amsoshin Tambayoyinku: Me Ke Sa Gwanin Ɗan Wasa Ya Daskare?

Wani mai sauraronmu daga Maraɗi yana tambaya: me ya sa gwani kan ɓata abin da ya saba yi, musamman idan ido ya yi masa yawa?

To malam, galibi tunani ne ke yin yawa. Motsin da aka daɗe ana atisayensa, sassan ƙwaƙwalwa na can ciki da na wajen ƙeya ne ke tafiyar da shi, ba sai mutum ya sa hankali ba. Da fargaba ta shigo, sai sashen goshi, mai lissafi da yanke shawara, ya tsoma baki yana bin gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya. Shi kuwa ba shi da sauri.

Jiki ba ya ɓoyewa. Kafaɗu su sandare, numfashi ya gajarta, zuciya ta riƙa dukan uku-uku, ido ya kasa tsayawa wuri guda. Ɗan wasa ya yi ta jinkirin ba da ƙwallo har a ƙwace.

Makamancin haka ya sami Simone Biles, 'yar wasan tsalle-tsalle da alkafura ta Amurka, a gasar Olamfik ta Tokyo a 2021. Ta janye daga wasu wasanni saboda ta daina gane inda jikinta yake idan tana juyi a sama, abin da a wasanta zai iya karya wuya.