Gaɓar Farfelar Mota: Darasi Ga Mai Ƙirƙirar Kalmomi

Gabatarwa

Malamanmu na fassara kan ce wanda bai san yadda abu yake aiki ba, ba zai iya raɗa masa suna ba. A wannan ɗan rubutu zan auna maganar da wani ƙarfe da ke ƙarƙashin mota, wanda Turawa ke kira universal joint.

Ƙirarta da aikinta

A motar da tayoyin baya ke turawa, kamar tifa, giyabos a kafe yake, aksul kuwa yana hawa yana sauka gwargwadon gargadar hanya. Farfela ce ke ɗaukar juyin inji daga giyabos zuwa aksul, don haka dole ta sami wurin lanƙwasa. Wurin nan shi ne gaɓar da muke magana a kai. Ƙarafa biyu ne masu siffar gwafa, an haɗa su da gicciye mai hannu huɗu, kowane hannu da boris da giris a kansa.

Yadda take juyawa

Robert Hooke, masanin Ingila na ƙarni na 17, ya lura cewa idan gaɓar ta karkace, ba ta miƙa juyi daidai wa daida. Sandar da ake juyawa takan ƙara sauri ta rage har sau biyu a kowane zagaye. Misali, idan karkatar ta kai digiri 30, kuma sandar farko tana juyi 1,000 a minti, saurin ta biyun zai riƙa kai-komo tsakanin 866 da 1,155. Wannan ke sa mota kakkarwa. Maganinsa shi ne a sa gaɓa biyu, ɗaya a kowane ƙarshen farfela, karkatarsu ɗaya, gwafannin farfelar kuma a jere. Ta haka ta biyun ke goge saɓanin ta farko.

Kammalawa

To, wane suna ya dace? Mai bin ƙamus zai ce "mahaɗin gama-gari", mai karatu kuma ya zaci kowane inji yake shiga. A ganina "gaɓa mai gicciye" ya fi, domin gaɓa ta nuna lanƙwasa, gicciye ya nuna ƙira. Shawarata ga 'yan'uwa ɗalibai ita ce, kafin mu buɗe ƙamus mu leƙa garejin bakanike.