In Ciwo Ya Shigo Gida, Kada a Kwana Ba a Faɗa Ba

Malanville gari ne na shige da fice. Ga babbar kasuwa, ga Gaya a ƙetaren kogin Isa, kuma tun da aka rufe gada a 2023 jama'a suka koma haye ruwa cunkushe a kwale-kwale. Wanda ya kamu da ciwo da safe a can, da yamma yana cikin gidanku.

1. A san ciwukan da ake kai rahotonsu a ranar: gudawa mai kama da ruwan wankin shinkafa (alamar kwalara), zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ƙyanda, da zazzaɓin da ya ƙi jin maganin cizon sauro har jini ya biyo baya. Na ƙarshen nan Lassa ake tsoro, wadda ta ɓulla a Tanguiéta a 2014.

2. Mai amai da gudawa, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari tun daga gida: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Yana kurɓa ana tafiya asibiti.

3. Yaron da bai kai shekara 15 ba, ƙafarsa ta saki farat ɗaya, kada a tsaya turare da rubutu kaɗai. Ma'aikatan lafiya na buƙatar bayan-gidansa sau 2 cikin kwana 14 don a gwada shan inna. Nan ne na fi jin takaici, domin uwa takan goya yaron wata guda tana jiran sauƙi, a zo asibiti lokacin gwaji ya wuce.

4. In ma'aikatan lafiya masu bincike sun zo, a ba su tabarma, a faɗa musu gaskiya: ina ya je, wace rijiya ya sha, wa ya yi jinyarsa, ya haye Gaya ko ya kwana Karimama? Ba haraji suka zo karɓa ba. Tambayar rijiyar nan ita ke ceton maƙwabta.

5. Wanda ya yi jinyar mai Lassa, za a riƙa auna zafin jikinsa har kwana 21. Ya zauna gari.

6. In rai ya yi halinsa ta dalilin kwalara ko Lassa, liman da mai unguwa su kira ma'aikatan lafiya kafin a taɓa gawa, a yi sutura da safar hannu da ruwan kulorin.