Yadda Ake Tsara Taskar Tarihin Masana'antun Kano a Laburare

Tarihin masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa yana warwatse a cikin littattafan albashi, katunan ma'aikata, rasitai, hotuna da takardun ƙungiyoyin ƙwadago. Tun isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 cinikin gyaɗa da fata ya bunƙasa, daga bisani aka kafa masaƙu da majemu da matatun man gyaɗa. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, ga matsalar wutar lantarki da kwararar kayan waje, masana'antu da dama suka rufe. Duk wadda ta rufe kuwa, takardunta ne ke fara salwanta. Laburaren jama'a irin na Murtala Muhammed da ke Kano na iya ceto su ta bin waɗannan matakai.

Mataki na 1: Nemo takardun
A fara da jerin masana'antun kowace unguwa, masu aiki da rufaffu. A tuntuɓi iyalan masu su, da tsofaffin akawu, da shugabannin ƙungiyoyin ma'aikata, da reshen Ƙungiyar Masu Masana'antu ta Najeriya. Sau da yawa katin shaidar aiki ko takardar sallama na nan a ƙasan adakar tsohon ma'aikaci.

Mataki na 2: Karɓa da rajista
Duk abin da aka kawo, a shigar da shi littafin rajista a ranar: wa ya kawo, daga wace masana'anta, kwali nawa, kyauta ce ko aro. Mai bayarwa ya sa hannu a takardar yarjejeniya.

Mataki na 3: Keɓewa da tsaftacewa
Kada sabon kaya ya shiga taska kai tsaye. A ajiye shi ɗaki daban, a duba gara da kyankyasai da fumfuna. A kakkaɓe ƙura da burushi mai laushi, a cire fil da ƙusoshin fayil, domin tsatsarsu na cin takarda. Ba a liƙe yagaggen shafi da salatif. A sa shi cikin jakar takarda shi kaɗai.

Mataki na 4: Tsarawa
Wannan shi ne ƙashin bayan aikin, kuma ƙa'idoji biyu ke tafiyar da shi. Ta farko, takardun kowace masana'anta su zauna tare. Ko da majemu biyu na Challawa sun yi ciniki da dillalin fata ɗaya, ba a haɗa rasitansu, domin asalin takarda shi ne shaidar ingancinta. Ta biyu, a bar tsarin da akawun kamfanin ya yi tun farko. Wasiƙar odar zare da aka samu haɗe da rasitinta ta zauna haka, don zamansu tare ne ke nuna farashi da lokacin da kaya suka iso.

Sai an tarar da takardu a hargitse ake yi musu sabon tsari, a kasa su kashi-kashi: na shugabanci, na kuɗi, na ma'aikata, na sarrafa kaya, sai hotuna da taswirori. Cikin kowane kashi a bi shekara.

Mataki na 5: Lamba da bayani
Kowane fayil ya samu lamba mai nuna unguwa, masana'anta, kashi da fayil. Misali, BMP/03/02/15 na nufin Bompai, masana'anta ta 3, takardun kuɗi, fayil na 15. Da fensir ake rubutawa, ban da biro. Sannan a haɗa kundin jagora da Hausa da Turanci mai ɗauke da taƙaitaccen tarihin kamfanin, shekarun da takardun suka shafa da yawansu. Rubutun ajami ko na Larabci a ambace shi a kundin.

Mataki na 6: Ajiya
A zuba fayiloli cikin kwalaye marasa asid, a ɗora bisa kantocin ƙarfe, nesa da ƙasa da bango da hasken rana. Da hunturu a toshe kafofin ƙura, da damina a riƙa duba rufi da laima. Taswirori a shimfiɗe ake ajiye su.

Mataki na 7: Cike giɓi
A naɗi muryoyin tsofaffin masu saƙa da majema da direbobi, da izininsu a rubuce. A nemi ƙarin bayani a jaridun Gaskiya Ta Fi Kwabo da Triumph, da Gidan Ɗan Hausa, da Gidan Arewa da Taskar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna.

Mataki na 8: Kwafi da buɗe wa jama'a
A ɗauki hoton takardun da sikana, a fara da waɗanda suka fi lalacewa, a ajiye kwafi a wurare biyu daban. Mai bincike ya cike fom, a ba shi fayil ɗaya a lokaci guda, ya karanta a gaban ma'aikaci. Fayilolin da suka ƙunshi sirrin mutum, kamar na rashin lafiya ko ladabtarwa, a rufe su har tsawon wa'adin da hukumar laburare ta tsayar a rubuce.