Yadda Za Ka Gano Matsalar Aksil Ɗin Baya A Jif Da Taimakon Wayarka

Idan bayan Prado ko Land Cruiser ɗinku ya fara kuka, kada ka garzaya sayen kaya tukuna. Ka samu titi mai kyau, wani ya zauna a kujerar baya yana naɗar sautin da waya, kai kuma ka tuƙa.

Ka taka totur, sannan ka ɗaga ƙafa. Idan kukan yana ƙaruwa ko ya ɓace daidai da taka totur ɗin, matsalar tana cikin difaranshal, wato tulun da ke tsakiyar aksil, mai raba ƙarfin inji ga tayoyin baya biyu. Kuka lokacin takawa yawanci haƙoran giya ne suka cinye, na lokacin ɗaga ƙafa kuwa an fi zargin boris ɗin finiyon, inda farfela ke shiga. Amma gurnanin da bai damu da totur ba, sai dai ya sauya idan ka karkata sitiyari hagu ko dama, wannan boris ɗin taya ne, kuma gyaransa ya fi sauƙi. Ka kunna wa bakanike abin da aka naɗa, ya fi ka tsaya kana kwaikwayon ƙarar da baki.

Sai ka kunna fitilar waya ka leƙa cikin tayoyin baya. Mai mai kauri da warin ruɓaɓɓen ƙwai man giya ne, alamar sil ɗin aksil ya fara yoyo. Wannan ba abin a bari sai ƙarshen wata ba ne, domin man yana jiƙa birki, motar ta ƙi tsayawa yadda ya kamata.

Abin da aka cika mantawa shi ne ƴar hular shan iska da ke saman aksil. Idan ƙura ko laka ta toshe ta, iska ta yi zafi a ciki, sai ta turo mai ta sil. Ka sa sabo ba ka buɗe ta ba, yoyon zai dawo.

Don duba mai, a kwance notin zubawa motar tana kan wuri mai daidaito. Ya kamata man ya kai bakin ramin. Idan ya koma kamar madara, ruwa ya shiga, a juye shi. Yawanci 75W-90 ko 80W-90 mai lambar GL-5 ake zubawa, amma ka duba littafin motar. Kada ka shiga ƙarƙashinta tana kan jak kaɗai.