Fantasi Besbol: Yadda Za Ka Auna Haɗarin Raunin Mai Jifa Kafin Ka Zaɓe Shi

Idan ka saba buga FPL a wayarka, ka san cewa ɗan wasa na jin ciwo sai ka sayar da shi ka ɗauko wani, kuma kai da abokinka kuna iya mallakar ɗan wasa ɗaya. A yawancin gasannin fantasi na besbol ɗin Amurka, irin na manhajojin Yahoo Fantasy da ESPN Fantasy, ba haka abin yake ba. Ana zaɓen 'yan wasa ne bi da bi kafin kaka ta fara, wanda ka ɗauka ya zama naka kai kaɗai. In ya ji rauni, sai dai ka tsinci madadinsa cikin ragowar da kowa ya bari. Ga kakar MLB da tsawo: wasa 162 kowace ƙungiya, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba.

Wanda ya fi jefa mutane cikin wannan hali shi ne mai jifa, wato wanda ke wurga wa mai bugu ƙwallo. Matsalar tana gwiwar hannu. Akwai wata jijiya a can da ake kira UCL, ita ke ɗaukar nauyin kowace jifa. In ta tsinke sai tiyatar Tommy John, wadda Dakta Frank Jobe ya fara yi a 1974 wa wani ɗan wasan Los Angeles Dodgers mai wannan suna. Jinyarta kan ci wata 12 zuwa 18, wato kakar ta tafi ke nan.

Abin takaicin shi ne, ƙarfin jifar da ke kawo maki shi ne kuma ke cin jijiyar. Spencer Strider na Atlanta ya kori masu bugu sau 281 a 2023, babu wanda ya kai shi a MLB. A 2024 aka yi ta rububin sa tun zagayen farko na zaɓe. Wasa biyu ya buga aka yi masa tiyata a watan Afrilu. A watan ne kuma Shane Bieber na Cleveland da Eury Pérez na Miami suka bi sahu. Ƙungiyar 'yan wasa ta ɗora laifin kan agogon ƙidayar jifa da aka kawo a 2023, hukumar MLB kuwa ta ce tseren jifa da ƙarfi ne. Wannan rigimarsu ce. Kai dai abin da za ka tambayi kanka kafin ka danna sunan mai jifa shi ne: wasa nawa zai ba ni?

Fara da tarihinsa. Lafiyayyen mai jifan farko yakan buga wasa 30 zuwa 33 a kaka. Buɗe shafinsa a manhaja ka duba shekaru uku na baya. Jacob deGrom ya sa hannu da Texas Rangers kan dala miliyan 185, ya buga wasa 6 kacal a 2023 aka sake yi masa tiyatar. Duk wanda ya duba 2021 da 2022 ya ga alamar. Amma kada ka yanke ƙauna da irinsu gaba ɗaya, domin deGrom ɗin ya dawo ya buga wasa 30 a 2025. Irin wannan ɗan wasa a tsakiyar zaɓe riba ce, a zagayen farko kuwa kasada ce. Tarihi mai tsabta ma ba garanti ba ne: Gerrit Cole ya yi shekaru ba ya fashi, ya ci kyautar Cy Young a 2023, sai ga shi ya rasa kakar 2025 baki ɗaya.

Bayan an fara kaka, shafin Baseball Savant kyauta ne, kuma yana nuna gudun jifar kowa wasa bayan wasa. In ka ga ya ragu da mil biyu a sa'a a wasanni biyu ko uku a jere, fara neman wanda za ka yi musaya da shi tun labari bai bazu ba. Ka ɗan yi uzuri a farkon Afrilu, sanyi na rage gudu.

Karanta sanarwar rauni da kyau, don ba duka suke ɗaya ba. Ciwon cinya ko kumburin yatsa yawanci na 'yan makonni ne. In aka ce tsokar da ke ƙasan gwiwar hannu ta ɗaure, ka shiga taitayinka, sau da yawa share fagen matsalar UCL ne. Kafaɗa kuwa ta fi gwiwar hannu wuyar sha'ani. A manhaja, DTD na nufin ana duba shi kullum, IL15 aƙalla kwana 15, IL60 aƙalla kwana 60.

A ganina, cikin zaɓinka huɗu na farko mai jifa ɗaya ya isa. Cike sauran gurabun daga baya da masu juriya, ko da ba su da suna. Sannan ka leƙa saitin gasarku ka ga guraben IL nawa aka ba ku. In uku ne ko huɗu, za ka iya ajiye mai jinyar da ake sa ran dawowarsa a Yuni ba tare da ya tare maka wuri ba. In babu ko ɗaya, bar wa wani shi.