Yadda Ake Tsayar da Ciwon Dasashi Kafin Ya Zubar da Haƙora

Yawancin masu ciwon dasashi ba sa zuwa asibiti sai haƙori ya fara rawa. Kafin nan sun sayi maganin "sanyin haƙori" a tasha, sun danna kanumfari, sun sha kafso daga kemis, wasu har ruwan batir sun ɗiga. Aikina duba dasashi ne da wanke haƙora, kuma abin da nake so ka fara riƙewa shi ne: ƙashin da wannan ciwo ya cinye ba ya dawowa da kansa, amma ana iya tsayar da ciwon a inda ya kai, mutum ya ci gaba da tauna da haƙoransa har tsufa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya nuna kusan kashi 19 cikin 100 na manya a duniya, wato sama da mutum biliyan 1, suna da nau'insa mai tsanani. Don haka ba kai kaɗai ba ne, kuma hanyar maganinsa sananniya ce.

1. Gane inda ciwon ya kai

Kullum wani datti mai laushi, fari-fari, yana taruwa a gindin haƙori. Ba ragowar abinci ba ne kawai, tarin ƙwayoyin cuta ne. Idan ba a goge shi ba, cikin 'yan kwanaki sinadaran yawu sukan daskarar da shi ya yi kanta mai tauri wadda buroshi ba ya iya cirewa. Sai dasashi ya yi ja, ya kumbura, ka ga jini in ka tofar da makilin. A wannan gaɓa komai yana warkewa sarai.

In aka bari, dasashin yakan saki jikin haƙori, ya bar wani aljihu tsakaninsu. Ƙwayoyin cutar su sauka ciki, jiki ya tashi yaƙarsu, kuma a cikin wannan yaƙin ne ƙashin muƙamuƙi da zaruruwan da ke riƙe da saiwar haƙori suke narkewa. Kamar bishiya ce da zaizayar ƙasa ta kwashe gindinta: itacen lafiyarsa ƙalau, abin da ke riƙe da shi ne ya tafi. Shi ya sa za ka ga haƙori fari tas, ba rami, amma ya faɗo.

Ɗauki madubi ka duba. Haƙoran sun ƙara tsawo? Akwai giɓin da da babu shi? In ka danna dasashi mugunya tana fitowa? Warin baki ya ƙi tafiya ko ka goge? Haƙori yana motsi, ko cizonka ya canza? Ko ɗaya daga cikin waɗannan ya isa dalilin zuwa asibiti. Kada ka jira zafi, domin wannan ciwo yakan yi shekaru yana cin ƙashi ba tare da ya hana ka barci ko dare ɗaya ba.

2. Daina abin da ke ƙara ɓarna

Ruwan batir da ɗora ƙwayar asfirin a kan dasashi ƙona nama suke yi. Gawayi da toka da buroshi mai tauri suna kankare wuyan haƙori. Kanumfari yana kashe zafi na ɗan lokaci, ba ya taɓa kanta. Amoxicillin da Flagyl da ake sha ba da umarnin likita ba sukan saɓe kumburin na mako biyu ko uku, ya dawo, saboda abin da ya haddasa shi yana nan manne da saiwa. Kuma babu wata tsutsa a cikin haƙori, duk wanda ya turara maka hayaƙi ya nuna maka ita, kuɗinka ya ci.

3. Je a auna

Je sashen haƙori na asibitin gwamnati ko na koyarwa, irin na Malam Aminu Kano ko na Jami'ar Ahmadu Bello, ko asibitin kuɗi mai likita na gaske. Za a zura wani siririn ƙarfe mai zane-zanen awo tsakanin haƙori da dasashi, wuri 6 a kowane haƙori. Milimita 1 zuwa 3 lafiya ce. Daga 4 aljihu ya samu. In ya kai 6 ko fiye, ciwon ya yi zurfi. Sannan a ɗauki hoto a ga yawan ƙashin da ya rage. Tun 2017 likitoci suke raba ciwon mataki 4, na 3 da na 4 su ne masu tsanani, inda ake fara asarar haƙora. Nemi a rubuta awon a katinka, da shi za a san ko magani ya yi aiki.

Tafi da duk magungunan da kake sha. Amlodipine da nifedipine na hawan jini, da phenytoin na farfaɗiya, suna iya sa dasashi ya yi kauri ya hau kan haƙori. Kada ka daina sha da kanka, likitan da ya rubuta ne zai duba ko a canza. In kana shan maganin tsinka jini, ko ke kina da juna biyu, a faɗa tun kafin a fara.

4. Wanki mai zurfi

Wannan ba shi ne wankin ƙawa da ake yi don cire jan goro ba. Da na'ura mai karkarwa da feshin ruwa, da ƙananan ƙarafa na hannu, ake bin saiwar kowane haƙori a ƙarƙashin dasashi ana ɓamɓare kanta. In aljihun yana da zurfi akan yi allurar kashe wurin, a raba aikin zama biyu zuwa huɗu. Kuɗin ya bambanta daga wuri zuwa wuri, na gwamnati ya fi sauƙi.

A nan ne mutane da yawa suke gudu, don haka ka saurara da kyau. Bayan wanki za ka ga giɓi tsakanin haƙora, musamman na gaba na ƙasa. Harshenka zai riƙa faɗawa wuraren da da a toshe suke. Ruwan sanyi zai sa ka zugi. Wani haƙorin ma zai fi rawa a makon farko. Sai a ce maka, "Ai mun faɗa, wankin haƙori ɓata haƙori yake yi." Ba haka ba ne. Giɓin ya daɗe a wurin, kanta ce ta cike shi, kumburi kuma ya rufe ta. Da aka cire kantar kumburin ya saɓe, sai ɓarnar da ciwon ya riga ya yi ta fito fili. Dasashin da ya ja baya ya kama haƙori gam ya fi wanda ya cika baki yana zubar da jini.

Zugin yakan ragu cikin 'yan makonni. Ni Sensodyne nake cewa a saya: a goga, a tofar, kada a kurkure da ruwa, sannan a ɗan shafa da yatsa a wurin da ke zugi kafin barci. Ruwan ɗumi da ɗan gishiri yana taimaka wa dasashi. In an ba ka ruwan kurkure baki na chlorhexidine, irin su Corsodyl, kada ka wuce mako biyu sai da umarni, domin yana baƙanta haƙora da harshe.

5. Tsaftar gida, musamman tsakanin haƙora

Duk ƙwarewar mai wanki, in wannan mataki ya faɗi aikinsa ya tashi a banza, domin dattin yana dawowa cikin kwana ɗaya.

Buroshi mai laushi, ƙaramin kai, sau biyu a rana, minti 2, na dare ya fi muhimmanci. Karkata gashinsa zuwa layin da haƙori ya haɗu da dasashi, ka riƙa jujjuyawa a hankali, haƙori biyu-biyu. Ba dirza ake yi ba. Bayan haƙoran gaba na ƙasa da gefen kumatu na turamen sama, nan kanta ta fi taruwa saboda nan yawu yake fitowa.

Amma ciwon a tsakanin haƙora ya fi zama, inda buroshi da asuwaki ba sa kaiwa. Abin da ya fi aiki shi ne ɗan ƙaramin buroshin nan mai siririyar waya da ake zurawa tsakani. TePe na fi so, don kowane girma da launinsa, ba a rikicewa, amma ko wani iri ka samu a kantin magani ya yi. Girman shi ne wahalar. In ya wuce salin-alin ba ka ji komai ba, ya yi ƙanƙanta, bai goge komai ba. In sai ka tura da ƙarfi waya tana karce haƙori, ya yi girma. Wanda ya dace shi ne wanda za ka ji gashinsa yana taɓa haƙoran biyu. Baki ɗaya yakan buƙaci girma biyu ko uku, don haka ka sa a gwada maka a asibiti. Zura shi a miƙe daf da dasashi, gaba da baya sau kaɗan, ka ɗauraye, ka wuce giɓi na gaba. A turamen baya ka ɗan rufe baki, kumatu zai saki, hannu ya samu hanya. Sau ɗaya a rana, ba man goge baki. Inda ya matse ƙwarai, yi amfani da zaren sakace.

Za ka ga jini a kwanakin farko, za ka kuma ji warin abin da ya fito. Kada ka tsaya. Jinin alamar kumburi ne, kuma gogewar ce take kawar da shi, galibi cikin mako biyu. Tsinken tsintsiya da ashana nama kawai suke fitarwa, su huda dasashi. Asuwaki yana da amfani ga fuskar haƙori in an tauna kansa ya yi laushi, ka ci gaba da abinka, amma ba ya maye gurbin wannan.

6. Suga da taba

Ciwon suga da ciwon dasashi suna ƙara wa juna ƙarfi: sugan da ya hau yana hana dasashi warkewa, kumburin dasashi kuma yana wahalar da saukar suga. In dasashinka yana yawan yin ƙurji, je a gwada jininka ko da kana jin garau. Sigari kuwa tana takure jijiyoyin jini, sai dasashi ya ƙi zubar da jini alhali ƙashi yana tafiya, kuma magani ba ya kama mai shanta kamar yadda yake kama wanda ba ya sha. Shisha da garin taba da ake dannawa a leɓe duk suna cikin lissafi.

7. Koma bayan mako 6 zuwa 8

Za a sake awo a kwatanta da na farko. Aljihun da ya dawo milimita 4 ko ƙasa kuma ba ya jini, an ci nasara a kansa. Wanda ya tsaya a 6 ko fiye, ko a sake wanke shi, ko ƙwararren likitan dasashi ya yi ƙaramar tiyata: a ɗaga dasashin, a wanke saiwa ido na gani, a ɗinke. A wasu ramuka masu siffa ta musamman akan sa abin da zai taimaka wa ƙashi ya ɗan cike. Haƙoran gaba masu rawa akan haɗa su da siririyar waya ta baya don su tallafi juna. Wanda ƙashinsa ya ƙare kuwa, yarda a cire shi, barinsa yana cinye ƙashin maƙwabtansa. Kuma kada a yi maganar dasa haƙori sai ciwon ya lafa, domin ƙwayoyin cutar suna kama dashen ma.

8. Kada ka ɓace

Wannan ciwo sarrafa shi ake yi, ba a sallamarsa. Duk wata 3 a farko, daga baya likita na iya tsawaita maka, ka je a auna a wanke. Yana kuma bin dangi, don haka in ya kama ka tun kana ƙasa da shekara 35, ka kai 'yan'uwanka da 'ya'yanka a duba su.

Abu ɗaya ne ba ya jiran ranar da aka ba ka: in fuska ko ƙarƙashin haɓa ya kumbura, ga zazzaɓi, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko haɗiya da numfashi suna wahala, tafi sashen gaggawa a ranar, ko da tsakar dare ne.